Farfelar da Babana Ya Sassaƙa

Litinin: Tasawa zuwa Mayahi

Da ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fita daga gidana a Tasawa, da gungumen katakon maɗaci a kafaɗa, da farfelar jirgin sama naɗe cikin bargo a hammata. Rabi, maiɗakina, ta rako ni har zaure da gorar fura da ƙunshin kilishi na tsarabar Inna. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "In ya yi hwaɗa, ka yi shiru. Uba ne." Na ce na ji. Ta san inda za ni, ta kuma san shekara tara rabona da can.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isuhu, makanike ne ni a garejin masu sayen gyaɗa. Kafin nan na yi shekara huɗu ina gyaran injin jirage a filin sojan Faransa na Damagaram, inda wani matuƙi ya riƙa ɗaukata ranar Lahadi har na iya tuƙi, na samu takarda. Da na zo Tasawa na tarar wani Nasara mai awon gyaɗa ya sa an aiko masa da ƙaramin jirgi mai kujera ɗaya cikin akwatuna: siraran katako, yadi, gam, wayoyi da takardun zane. Rabin fiffike ya haɗa aka samu mulkin kai, ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar mini akwatunan. Shekara huɗu na yi ina haɗa shi a bayan gareji, Rabi na ɗinka yadin fikafikai. Mutanen gari suka laƙaba mini Shaho, kuma ba don yabo ba.

Injin da aka zana jirgin dominsa bai taɓa isowa ba, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin makanike. Na duba na babur, na ga ko akuya ba zai ɗaga ba. Na kamyo, wato babbar motar kaya, ƙarfi ba a magana, amma nauyinsa sai ya dasa hancin jirgin a ƙasa. Daga ƙarshe na tsaya kan injin ƙaramar motar nan mai siffar kunkuru, wanda iska ke sanyaya shi, ba ruwansa da tankin ruwa. Sai ga wata sabuwa. Injin motar hagu yake juyawa, farfelar da ta zo cikin akwati kuwa ta dama ce, in na ɗaura ta da baya jirgin zai tafi. Ya kuma fi injin jirgi saurin juyi, saboda haka gajera yake so. Kafintocin Tasawa uku suka gwada, kowa ya miƙo mini abin da ya fi kama da muciya.

Kwana goma ya rage mini. Mushe, wato Nasaran da ke duba jirage, zai biyo daga Yamai ranar Alhamis ta sama, kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara. Bayansa da kwana biyu za a buɗe awon gyaɗa, filin da kwamanda mai mulkin gari ya ara mini a jibge shi da buhuna. Mutum ɗaya na sani a duniya da zai iya wannan aiki, shi ne babana, masassaƙi a wani ƙauye gaba da Gidan Amumune. A gidanmu, idan ɗa ya kai, uba kan miƙa masa gizago a gaban dangi, shi ne shaidar ya gaji gida. Saura mako guda a ba ni nawa na gudu na bi mota. Tun daga ranar ko saƙona ba ya karɓa, rigar da na aika masa da sallah a ninke ta dawo. Farfela na ce za ni nema, amma ni na san ba ita kaɗai ba ce.

A tasha na samu kamyon Ɗan Tani, mai zuwa kasuwar Mayahi kowace Litinin. Ya haska bargona da tocila.

"Shaho, wanga hwa? Gawa ka ɗauko?"

"Farfela ce."

"To ta biya kuɗinta, tunda wurin mutum za ta ci."

Na biya dala talatin nawa, dala goma na kaya. Muka tashi biyar da minti goma. A shingen bakin gari jandarma ya ɗaga bargo, ya dube ni, ya ce, "A, kai ne mai jirgin! Ran da za ka hwaɗo, don Allah ka yi nesa da gidana." Fasinja suka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Ban mance fuskarsa ba, za mu sake gamuwa.

Hanyar Mayahi a lokacin sawun taya ne kawai cikin rairayi. Sau biyu muka kafe, kowa ya sauka, aka shimfiɗa kwanon rufi ƙarƙashin tayoyi aka tura. Dama da hagu mata na ta bugun gyaɗa a gonaki, harawa jibge bisa rassan itatuwa don kada awaki su kai gare ta. Da muka hango goribar Gulbin Kaba na san mun iso. Sha biyu saura kwata muka shiga Mayahi, wajen kilomita hamsin da 'yan kai cikin awa shida da rabi.

A kasuwa na bi layin turame ba da niyya ba. Tun daga nesa na gane na Baba, don a gindin kowane akwai zane uku kamar sawun zabo, alamar gidanmu. Na tsuguna na shafa, mai sayarwa ya zaci ciniki zan yi. Na tambaye shi lafiyar mai aikin. Ya ce, "Tsoho na nan da ƙarhinshi. Bai da magaji dai, ɗan ya bi mota." Na ce Allah ya kyauta, na tashi. Na kwana a gidan wani abokina malamin lakwal, wato makarantar boko, muka ci tuwon gero da miyar kuka, ya kuma haɗa ni da wani Bafillace mai takarkari da zai yi arewa da safe.

Talata: Mayahi zuwa gida

Biyar da rabi muka kama hanya. Takarkari ya ɗauki katako da farfela a dala goma sha biyar, ni da mai shi a ƙasa. Ba ya son magana, ni ma ranar ba ni da ita. Muka yi ta ratsa gonakin da aka girbe, muka sha nono a wata ruga da hantsi. Ƙarfe ɗaya na rana muka isa Gidan Amumune, muka huta a gindin gawo kusa da rijiya har aka yi azahar. Daga nan hanyarmu ta rabu. Na ɗora kayana a ka, tafiyar awa guda, na ji ƙafafuna sun fi katakon nauyi.

Tun kafin in ga rumfar na ji saran gizago. Baba na zaune ya sa turmi tsakanin ƙafafunsa, gemu ya yi fari fat. Na tuɓe takalmi daga nesa, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa gaisuwa cikakkiya, har da gajiya da mutanen gida, irin wadda ake yi wa wanda ba a sani ba. Ni ɗan fari ne, dama bai taɓa kiran sunana ba, amma wannan ta wuce kunyar ɗan fari. Ya ce, "Baƙo, mi ke tahe da kai?"

Maganar ta soke ni, na tuna da Rabi na haɗiye. Inna ta fito da gudu ta riƙe ni tana kuka, tana cewa na rame, alhali ƙiba na yi. Da ta lafa na kwance kayana na yi masa bayani: ga irin abin da nake so, ga katakon, falle biyar ne na liƙe da gam don kada rana ta lanƙwasa shi. Ya duba da wutsiyar ido.

"Katakon inji ne. Ni ba ni sassaƙa abin da zarto ya ci, balle wanda aka liƙe."

Ya ci gaba da turminsa. Na bar kayan nan a rumfar da gangan, na shiga cikin gida na ci abincin Inna.

Laraba zuwa Asabar: a rumfar Baba

Da na fito bayan sallar asuba na hango shi zaune da farfelar Nasara bisa cinya, ido a rufe, yana bin ta da tafin hannu daga cibiya zuwa baki. Na san babana. Zai iya fushi da ɗa shekara tara, amma ba zai iya kwana da kyakkyawan aikin itace a rumfarsa bai taɓa ba. Da ya ji motsina ya kira Inna.

"Hwaɗa wa baƙonki, wanda ya yi wagga masassaƙi ne. Amma gehe guda ya hi kauri da ƙwayar gero."

Na ce da Inna, "Kafintocin Tasawa sun ce sai Nasara ke iya irinta."

Na san inda na taɓa. Ya ajiye farfela ya ce, "Kahinta ai ɗan ƙusa ne. Tambaye shi yaya yake son ta."

Na ce irinta sak, amma a juye, kamar takalmin hagu da na dama, kuma a rage yatsa huɗu kowane gefe. Inna ta tsaya tsakaninmu tana maimaita maganar da kowa ya riga ya ji, har ta gaji ta ce tana da tukunya a wuta.

Na zo da takardun zane cike da lambobi, ko kallonsu bai yi ba. Ya ɗauko sakaina biyar, ya zaɓi wuri biyar a jikin farfelar Nasara, kowace sakaina ya yi ta gogar bakinta da dutse har ta zauna daram bisa wurinta. Sannan ya kifa su, suka zama ma'aunin hagu. Na buɗe takarduna a ɓoye na gwada. Abin da masu zanen suka lissafa da alƙalami shi ne ya fitar da fasasshiyar ƙwarya. Alfahari ya cika ni, na rasa wanda zan nuna wa.

Sara na farko ya tsaya ya shinshina guntun da ya ɓalle. "Maɗaci ne na ƙwarai," ya ce, ba da kowa ba. Daga nan gizago ya yi ta aiki yini biyu. Ni ke riƙe gungumen. Ranar Alhamis da hantsi ya ce, "Juya." Ita ce kalma ta farko da ya yi mini kai tsaye tun bayan ranar da na iso, ba ta bakin Inna ba, na juya da sauri har na kusa buge masa ƙafa. Daga "juya" aka koma "riƙe da kyau", daga nan "hannunka ya mutu, ƙarhe ya ɓata shi". Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Juma'a ya koma wuƙa, Asabar ya kankare da fasasshiyar kwalba, ya goge da kakin zuma har tana ɗaukar ido. Na gaya masa dole gefen biyu su zo daidai a nauyi, in ba haka ba za ta girgiza jirgin har ya wargaje. Muka zura sandar ƙarfe a cibiyarta, muka ɗora bisa kaifin wuƙaƙe biyu. Ta kwanta sambal. Ya ɗauko ƙwayar gyaɗa ɗaya ya aza a baki guda, ta sunkuya a hankali. Ya ɗauke, ya gyara ta, ta tsaya. Ya dube ni kamar mai cewa, sai kuma me?

Bayan la'asar ya aike ni gaida baffannina a ƙauyen gaba. Da na dawo na tarar ya naɗe ta cikin fatar akuya ya ɗaure tam. Na fara godiya, ya katse ni.

"Ban sallame ta ba. Turmi sai ya ji taɓarya gabana nike sallamar shi. Gobe tare za mu."

Lahadi da Litinin: komawa Tasawa

Ƙarfe biyar muka fita, shi bisa jakinsa rungume da farfela, ni a ƙasa. Muka isa Mayahi da la'asar, muka bar jakin a gidan abokina. Litinin da kasuwa ta fara watsewa, ƙarfe biyu, muka hau kamyon Ɗan Tani. Da ya ji ko wane ne tsohon, ya sauke wani ɗan kasuwa daga gaba ya ba shi wuri, ya kuma rantse ba zai karɓi ko tamma ba. Baba bai taɓa shiga mota ba. Ya zauna ƙiƙam, gizagonsa rataye a kafaɗa. Da muka kafe a rairayi aka ce kowa ya sauka ya tura, ya dubi motar sama da ƙasa, ya dube ni.

"Wagga ita ta sace ka?"

Ɗan Tani ya yi dariya har da hawaye. Muka shiga Tasawa takwas saura, Rabi ta durƙusa ta gaida surukinta da ba ta taɓa gani ba, ta kawo masa tuwo da miyar kaza.

Talata da Laraba: a filin gyaɗa

Da sassafe muka turo jirgin daga bayan gareji. Baba ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa fiffike da yatsa, ya leƙa haɗin katakon ciki. Bai yaba ba, amma bai kushe ba, wanda ya san shi ya san wannan babbar magana ce. Ya kwance fatar akuya da hannunsa.

Nan take na gani. A bayan gefe guda, taƙi ɗaya daga cibiya inda itacen ke da kauri, akwai ɗan faifan tagulla kamar kwabo, an kafe shi da ƙananan ƙusoshi. Na san ko mene ne. Duk sirdin da Baba ya sassaƙa sai ya huda shi ya ɓoye laya ya rufe da tagulla, don abin da zai ɗauki mutum a tafiya ba ya barin hannunsa haka nan. Shi ya sa ya aike ni wajen baffannina. Na kuma san abin da nauyin nan zai yi in inji ya ɗauki gudu. To amma wa zai dubi ubansa, kwana biyar da fara yi masa magana, ya ce cire addu'arka? Na ce a raina ai ɗan kaɗan ne, na ɗaura ta na ƙulle kusoshi.

Muka ɗaure wutsiyar jirgi a gindin gawo, muka sa duwatsu gaban tayoyi. Kafin a ce haka rabin gari ya taru. Na shiga na zauna, Ɗan Tani ya finciko farfela kamar yadda na koya masa, inji ya kama. A ƙaramin gudu lafiya lau. Da na ƙara wuta sai jirgin ya ɗauki rawa, allurar agogon inji ta ɓace mini, haƙorana na haɗuwa, wata kusa ta fice daga murfin inji ta faɗi ƙasa. Na kashe. Wani daga cikin taro ya ce, "Jirgin Shaho ya kamu da masassara!" Aka yi ta shewa.

Na sauko na ce inji ne. Na yini ina kwance kafireta wadda ba abin da ya same ta, Baba na zaune bisa tabarma a inuwar fiffike yana kallona. Saura kwana biyu mushe ya zo, ni kuwa ina wanke ƙarfe mai tsabta da isansi, wato fetur. Da la'asar mutane sun watse, ya ce, "Kwanto ta. Kawo wuƙaƙe."

Muka ɗora ta. Ba ta yi wata-wata ba, ta sunkuya gefen tagulla.

"Ka gani tun da sahe?"

"Na gani, Baba."

"Ka yi shiru?"

"Na yi."

"Da ka tashi da ita haka hwa?"

Na ce da wataƙila ta tsinke kusoshin inji a sama. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, ko ranar da na fasa masa akushin sarki ina yaro. Ya ce, "Kunya za ta kashe ka, ka bar ni da gawa? Aiki in ya karkace hwaɗi ake, ko na ubanka ne!"

Ya sa bakin wuƙa ya ɓamɓare tagullar, ya zaro abin da ke ciki ya ajiye bisa tabarma. 'Yar laya ce mai jar fata, ta yi baƙi don tsufa. Tawa ce. Ita ce aka rataya mini tun ina goye, wadda na tuɓe na bari a ƙusar ɗaki daren da na gudu. Shekara tara yana ajiye da ita, mutumin da ya mayar mini da riga. Na kasa riƙe kaina, na yi kuka a gaban ubana da gemuna.

Na ce, "Baba, mayar da ita. Na fasa tashin, amma ba za a cire ta ba."

"Kai dai ba ka da wayo har yanzu," ya ce. "Wa ya ce a cire? Ba a ɗora wa jaki kaya gehe guda."

Ya sa hannu cikin riga ya ciro tasa layar daga wuya, ya tsinke igiyar.

Laraba ya yini a kan wannan. Ya auna nisan ramin farko da tsinke, ya huda ɗaya gefen daidai wurin. Ya aike ni kasuwa wajen maƙera na yanko tagulla biyu daga falle guda. Layarsa ta fi tawa nauyi, sai ya riƙa feffere fatarta kaɗan-kaɗan, a ɗora bisa wuƙaƙe, a sauke, har sau tara. A na tara ta kwanta sambal, ƙwayar gyaɗa ta sunkuyar da ita dama, ta sunkuyar da ita hagu. Sannan ya ɗauki wuƙa ya yi zane uku a cibiya, sawun zabo. Ya nuna gefe guda ya ce, "Wannan kai." Ya dafa ɗayan, inda tasa layar take. Da yamma muka tayar da inji, na ba shi wuta har ƙarshe, igiyar wutsiya ta miƙe, jirgin bai ko motsa kafaɗa ba.

Alhamis: sama

Mushen Yamai ya iso filin shida da kwata, dogon Nasara mai fuskar shanu. Ya yi rabin awa yana duba haɗi da wayoyi da takarduna. Da ya zo kan farfela ya daɗe yana shafawa, ya tambaye ni da Faransanci daga wace masana'anta aka aiko ta. Na nuna masa Baba tsaye da gizago a kafaɗa. Ya tambayi amfanin tagullar, na ce ma'aunin nauyi ne, kuma ban yi ƙarya ba. Ya cire hularsa ya je ya miƙa wa Baba hannu. Baba ya karɓa, ya ce da ni, "Hwaɗa mashi tasu ta hi kauri gehe guda."

Ɗan Tani ya matso zai tayar da inji, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya kalli yadda ake yi kwana biyu, kuma aikinsa ne, shi zai ɗana. Na nuna masa inda zai tsaya da yadda zai ja da baya. Ya yi bisimilla ya finciko sau ɗaya, inji ya kama.

Bakwai saura minti goma aka cire duwatsu. Na ba shi wuta, wutsiya ta ɗaga, tayoyi suka yi ta bugun ƙasa, sai na ji bugun ya ɗauke. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Tasawa ta baje a ƙarƙashina, ga tafkuna na walƙiya, ga rumbuna, ga garejinmu kamar akwatin ashana, ga ayarin raƙuma ɗauke da gyaɗa a hanyar Korgom. Inji na juyi dubu uku ba gargada, iska na dukan fuskata, a gabana farfela ta zama da'ira, tagullar nan biyu sun haɗu sun zama zobe guda. Na bi ta kan gidan jandarman nan na zagaya sau biyu, ba don mugunta ba, don dai ya san ban faɗo ba. Minti ashirin na yi na sauko. Na yi tsalle ɗaya a sauka, mushe ya rubuta, ya kuma buga hatimi.

Mutane suka ɗauke ni sama, waɗanda suka yi shewa shekaranjiya su ne a gaba. Da na samu kaina na nemi Baba. Yana gaban jirgi, ya kara kunne a jikin farfela yana ƙwanƙwasawa. Ya ɗago ya ce, "Na sallame ta."

Litinin: rakiya

Asabar aka fara jibge buhuna a filin, jirgi ya koma bayan gareji da takardarsa. Baba ya ƙara yi mana kwana huɗu, ya sassaƙa wa Rabi muciya da ludayi. Litinin da asuba na raka shi tasha. Ɗan Tani ya buɗe masa ƙofar gaba, fasinja sun cika baya, jandarman nan ma yana wurin ya zo sallamar wani. Baba ya sa ƙafa ɗaya a matakala, sai ya sauko. Ya cire gizagon daga kafaɗarsa.

"Dangi sun yi nisa, waɗanga sun isa shaida," ya ce. "Hwarhwela na tsuhwa, ni ma haka. Ta gaba kai za ka yi ta. Durƙusa."

Na durƙusa a cikin rairayin tasha, ya rataya mini shi a kafaɗa. Ƙotar ta yi santsi, wurin yatsunsa ya lotsa. Ya shiga mota bai waiwayo ba, suka tashi biyar da minti goma.

Biyar da rabi na isa gida. Rabi na hura wuta, ta ɗago ta ga abin da ke kafaɗata, ta saki guɗar da ta tashi maƙwabta. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, a ƙasa da a sama. Na gode wa Rabi da allurarta, da Inna, da Ɗan Tani, da abokina na Mayahi, da Bafillacen da ban ko tambayi sunansa ba. Baba ya rasu bayan damina huɗu, Allah ya jiƙansa, kuma kowace sallah a cikinsu rigata ya sa. Mutanen Tasawa har yau Shaho suke ce mini, yanzu kam ina amsawa. Amma in baƙo ya tambayi sana'ata, nakan ce masa masassaƙi ne ni, ɗan masassaƙi.